Sharhi kan littafin Julian ta Norwich: addu'a a lokacin da zuciya ta bushe

Littafin da kamfanin Penguin ya buga a shekarar 1998 cikin jerin tsofaffin littattafansa, mai suna Revelations of Divine Love, wato wahayoyin ƙaunar Allah, ƙaramin littafi ne mai laushin bango wanda zai shiga jakar hannu ba tare da wahala ba. Marubuciyarsa wata baiwar Allah ce Kirista da ake kira Julian, wadda ta rayu a birnin Norwich na gabashin Ingila fiye da shekara 600 da suka wuce, kuma a cikin duk abin da ya iso hannunmu, shi ne littafi mafi daɗewa da aka tabbatar mace ce ta rubuta shi da Ingilishi. Elizabeth Spearing ce ta mayar da shi daga tsohon Ingilishin wancan zamani zuwa na yau, A. C. Spearing kuma ya rubuta gabatarwa da bayanai. Na saye shi ne saboda abin da ta ce game da addu'a, kuma a kan wannan ma'auni zan auna shi. A ganina babi 3 kacal daga cikinsa sun isa su biya kuɗin da aka kashe, amma wanda ya ɗauke shi yana neman jerin addu'o'in da zai riƙa karantawa safe da yamma zai ajiye shi da wuri, domin babu irin wannan jeri a ciki ko kaɗan.

A watan Mayu na 1373, tana da shekara 30 da rabi, Julian ta kwanta ciwo mai tsanani har aka yi mata addu'o'in da ake yi wa wanda yake bakin mutuwa. Ta ce jikinta ya mutu daga tsakiya zuwa ƙasa, an jingina ta a kan gado, an kuma kira firist, wato limamin majami'a, wanda ya zo ya riƙe gicciye mai siffar Yesu a gaban fuskarta ya ce ta zuba masa ido. Ɗakin ya yi mata duhu in ban da gicciyen, zafin ciwon ya ɗauke farat ɗaya, sai ta ga jini yana gangarowa daga ƙarƙashin rawanin ƙaya. Daga nan wahayi 16 suka biyo, 15 a jere cikin 'yan sa'o'i, na ƙarshen kuma a daren da ya biyo baya. Ta warke, ta kuma yi fiye da shekara 40 a raye bayan haka. A wani lokaci ta shiga halwa ta dindindin a wani ɗan ɗaki da ke manne da majami'ar Saint Julian, irin halwar da ake karanta wa mai shigarta addu'o'in jana'iza kafin a rufe ƙofa, domin an ɗauka ya riga ya mutu ga duniya. Masu irin wannan zama sukan sami taga ɗaya da ke kallon cikin majami'a, wata kuma da ke kallon waje inda masu neman shawara suke tsayawa. Wasiyyoyin mutanen zamanin sun tabbatar da zamanta a wurin, domin tun 1394 akwai wanda ya bar mata sule 2, a 1416 kuma wata mai sarauta, Isabel Ufford, ta bar mata sule 20. Wata mata mai ibada daga garin Lynn, Margery Kempe, ta ba da labarin yadda ta je neman shawararta wajen 1413. Ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa cewa matar nan tana 'yar shekara 6 ko kusa da haka babbar annobar 1348 da 1349 ta ratsa Ingila ta kashe mutane ba adadi, annobar ta sake dawowa fiye da sau ɗaya a rayuwarta, kuma ta ga boren manoma na 1381. Duk maganar kwanciyar rai da ke cikin littafin daga irin wannan zamani ta fito.

Babban abin da ya sa na zaɓi wannan bugu shi ne ya haɗa rubutu biyu a bango ɗaya. Julian ta fara rubuta gajeren bayani mai sashe 25, sannan bayan ta kwashe wajen shekara 20 tana juya abin da ta gani a zuciyarta ta rubuta dogo mai babi 86. Gajeren ya tsira ne a kwafin hannu guda ɗaya tak da ke babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, dogon kuma mata masu zaman zuhudu 'yan Ingila da suka yi hijira zuwa biranen Cambrai da Paris, a ƙasar Faransa ta yau, ne suka adana shi, har wani mai zaman zuhudu ɗan Ingila, Serenus Cressy, ya fara buga shi a 1670. Idan aka karanta su ɗaya bayan ɗaya ana ganin yadda mace ta girma a cikin addu'arta. A gajeren akwai mahaifiyarta tsaye a bakin gado tana miƙa hannu ta rufe mata ido saboda ta zaci ta rasu, akwai kuma wurin da Julian take kare kanta, tana tambaya ko kasancewarta mace zai hana ta faɗin alherin Allah da aka nuna mata. A dogon duk ta cire waɗannan. Ta daina ba da haƙuri, ta rage maganar kanta, ta tsaya a kan tambayoyin da suka hana ta sakat. Wanda ya sayi bugun da ke ɗauke da dogon kaɗai ya yi asarar wannan.

Koyarwarta game da addu'a tana babi na 41 zuwa na 43 na dogon rubutun, ƙarƙashin wahayi na 14, kuma ta fara ne daga inda yawancin masu wa'azi ba sa son farawa. Ta ce sau da yawa dogararmu ga Allah ba ta cika, domin ba mu da tabbacin yana jinmu, ko dai saboda muna ganin ba mu cancanta ba, ko kuma saboda ba mu ji komai ba, mun tashi daga addu'a a bushe kamar yadda muka durƙusa. Ba ta kawo wannan a matsayin ciwon wasu raunana ba, ta ce ita ma ta ji haka a kanta. Amsar da ta ce an ba ta ita ce Ubangiji da kansa shi ne tushen roƙon. Shi ne ya fara nufin mutum ya sami abin, shi ne ya sa mutum ya so shi, shi ne ya sa ya roƙa, to ta yaya za a ce roƙon ya tafi a banza? Daga nan ta fitar da hukuncin da yake juya tunanin mai karatu: roƙonmu ba shi ne ke jawo alherin Allah ba, alherinsa ne ya riga roƙon, shi ya ma haife shi. Wanda ya taso a inda ake auna addu'a da ƙarfin murya da yawan sa'o'in da aka kwana a tsaye, har mutum ya riƙa zargin kansa cewa rashin amsa daga rashin zafinsa ne, zai ji an sauke masa wani nauyi a wannan shafi.

Sai dai ba ta bar ƙofa ga malalaci ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta ce a ci gaba da addu'a da dukan zuciya ko da ba a jin daɗinta, ko da ba a ga komai ba, ko da mutum yana ganin ba zai iya ba, domin addu'ar da aka yi cikin bushewa da ciwo da rashin ƙarfi abar karɓa ce ƙwarai a wurin Allah ko da ita kanta mai yin ta ba ta ɗanɗani komai ba. Ta ce Almasihu yana karɓar addu'ar da murna ya ajiye ta a taskar da ba ta lalacewa. Ta haɗa godiya a cikin addu'a, ta ce wani lokaci godiyar takan cika zuciya har ta fito da murya, wani lokaci kuma idan zuciya ta ƙi motsi, hankali da alheri sukan tura mutum ya ɗaga murya yana ambaton shan azabar Almasihu da nagartarsa har maganar ta koma ciki ta farkar da zuciyar. Wannan shawara ce ta wadda ta daɗe a kan aikin. Ba ta ce a jira sai an ji motsi kafin a buɗe baki ba, ta ce a buɗe bakin.

A babi na 42 ta taɓo tambayar da kowane mai addu'a ya sani, wato ta wanda ya daɗe yana roƙo bai ga biyan bukata ba. Ta ce kada wannan ya karya zuciya, domin ko dai ana jiran lokacin da ya fi dacewa, ko ƙarin alheri, ko kyautar da ta fi wadda aka roƙa. Na san wani zai ce wannan amsa ta yi sauƙi da yawa, kuma idan aka tsame ta ita kaɗai aka miƙa wa uwar da ta binne ɗanta, lallai za ta yi sauƙi har ta zama cin fuska. Abin da ya ba ta nauyi shi ne babin da ke binta, inda ta bayyana mene ne aikin addu'a tun asali. A wurinta addu'a tana haɗa rai da Allah ne, tana juya nufin mutum ya bi nufin Ubangiji. Ta ce lokacin da rai yake cikin damuwa da jarraba shi ne lokacin da ya kamata ya yi addu'a domin ya tausasa kansa ga Allah, amma babu irin addu'ar da za ta tausasa Allah ga mutum, saboda ƙaunarsa ba ta taɓa canjawa ba balle a ce ana lallashinsa ya dawo. Yawancin littattafan addu'a da ake sayarwa a ƙofar majami'u suna koyar da yadda za a matsa har a samu. Wannan yana koyar da cewa mai roƙon ne ake gyarawa, kuma idan addu'a ta kai ƙarshenta mutum yakan rasa abin da zai ƙara roƙa, sai kallo kawai.

Akwai wasu wurare a wajen waɗannan babi 3 da suke ƙarfafa su. A babi na 5 an nuna mata wani ɗan abu a tafin hannunta mai girman 'ya'yan itacen hazel, wanda bai fi ƙwayar gurjiya ba, aka ce mata wannan shi ne dukan abin da aka halitta. Ta yi mamakin yadda bai narke ya ɓace ba saboda ƙanƙantarsa, aka amsa mata cewa yana nan ne domin Allah ya yi shi, yana ƙaunarsa, yana kuma kiyaye shi. A babi na 10 ta ce neman Allah daidai yake da ganinsa a duk tsawon lokacin da ya bar rai cikin wahalar nema. Wanda ya fi taɓa ni shi ne babi na 15, inda ta ba da labarin yadda aka riƙa juya ta tsakanin cikakkiyar natsuwa da matsanancin ƙunci wajen sau 20. A cikin natsuwar, in ji ta, za ta iya cewa tare da manzo Bulus babu abin da zai raba ta da ƙaunar Almasihu, a cikin ƙuncin kuma sai kukan manzo Bitrus na neman ceto kada ya hallaka. Ta kuma lura cewa ba wani zunubi ta yi a tsakani ba da za a ce shi ya jawo ƙuncin, domin sauyin ya zo da sauri ƙwarai, haka nan ba wani abin kirki ta yi da ya jawo natsuwar ba. Ga mutumin da ya saba bincikar kansa yana neman laifin da ya aikata duk ranar da addu'a ta yi masa nauyi, wannan ɗan babi ya fi dogon wa'azi amfani.

Maganarta da ta fi shahara, cewa kome zai yi daidai, tana babi na 27, kuma ita ce ake bugawa a katuna da kofunan shayi. A cikin littafin ba ta zo da arha haka ba. Julian ta yi gardama da ita, ta tambaya yadda kome zai yi daidai alhali zunubi ya yi ɓarna mai yawa, ikilisiya kuma tana koyar da cewa akwai waɗanda za su hallaka. Amsar da ta samu a babi na 32 ita ce abin da ya gagari mutum bai gagari Allah ba, kuma akwai wani babban aiki da zai yi a ranar ƙarshe wanda ba a bayyana wa kowa ba. Ta riƙe koyarwar ikilisiya, ta riƙe abin da aka nuna mata, ba ta yi kamar ta daidaita su ba. Da ta nemi a nuna mata makomar wani mutum da take ƙauna, sai aka ce mata ta ɗauki maganar a dunƙule, ta bar tambaya a kan mutum ɗaya. A babi na 68 kuma ta fito fili ta ce ba a yi alkawarin ba za a sha guguwa da wahala da ƙunci ba, alkawarin shi ne ba za a rinjayi mutum ba.

Dole a faɗi abubuwan da za su yi wa mai karatu wuya. Babin farko-farko cike suke da jini. Tana kwatanta ɗigonsa da ruwan da ke zuba daga bakin rufin ɗaki bayan mamako, tana kwatanta yadda yake bazuwa a goshi da ɓawon kifi, ta kuma daɗe a kan yadda jikin Yesu ya bushe ya sauya launi a kan gicciye. Ibadar zamaninta ke nan, kuma har ta roƙi Allah tun tana yarinya ya ba ta ciwon da zai kai ta bakin mutuwa, roƙon da ba zan ba kowa shawarar ya kwaikwaya ba. Babi na 51, wanda ya fi kowane tsawo, misali ne na wani ubangida da baransa wanda ya ruga da gudu don cika aiken maigidansa ya faɗa rami ya ji ciwo, har ya kasa juya fuska ya ga cewa maigidan yana kallonsa da tausayi ba da zargi ba. Ita kanta ta ce sai da ta yi shekara 20 ba wata 3 kafin ta fahimce shi, saboda haka babu mamaki idan mai karatu ya gaji a tsakiyarsa. Daga babi na 58 zuwa na 63 tana kiran Yesu uwa, mai haihuwa da shayarwa da renon 'ya'yanta, a wasu babi na baya kuma tana cewa ba ta ga fushi a wurin Allah ba. Kiristan da ya taso a majami'ar da ke auna kowace magana da aya zai tsaya a nan ya yi tambaya, kuma yana da gaskiya ya tsaya, ko da yake annabi Ishaya ya kwatanta ta'aziyyar Allah da ta uwa, Yesu kuma ya kwatanta kansa da kaza mai tattara 'ya'yanta. Mai karatu Musulmi da ke nazarin tarihin masu ibada zai gane halwar da yawan ambaton Allah, amma ya sani tun farko cewa gicciye da Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna kusan kowane shafi, kuma ba a iya cire su a bar littafin tsaye.

Game da bugun kansa, Ingilishin Elizabeth Spearing a sarari yake, wanda ya gama sakandare da kyau zai bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mu da Ingilishi ba harshen gidanmu ba ne. Abin da aka biya a madadin sauƙin shi ne wani ɓangare na kaifin tsohuwar maganar ya dushe. Gabatarwar ta masanin adabi ce, tana da amfani wajen fahimtar zamanin da matsayin mata a cikinsa, amma an rubuta ta ne da ɗalibin jami'a a zuciya fiye da mai neman taimako a addu'arsa, don haka ina ganin gara a bar ta sai an gama littafin. Bayanan ma ba su kai yadda nake so ba a wuri ɗaya: Julian ta jiƙu da Littafi Mai Tsarki amma ba kasafai take ambaton sura da aya ba, kuma mai son ya bi sawun kowace magana zai yi yawancin aikin da kansa. Bangon kuwa irin na littattafan karatu ne, wanda zai riƙa yawo da shi kullum ya yi masa riga.

Akwai wasu hanyoyi biyu ga wanda bai sami wannan ba. Fassarar Barry Windeatt da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 2015 ita ma ta haɗa gajeren da dogon, kuma ba za a yi da-na-sanin sayenta ba. Bugun Grace Warrack na 1901, wanda shi ne ya dawo da sunan Julian bakin jama'a bayan an daɗe da mance ta, yana nan kyauta a intanet, sai dai dogon rubutun kaɗai ya ƙunsa, kuma Ingilishinsa na da ne sosai, wanda zai sa sabon mai karatu ya karaya tun kafin ya kai babi na 41. Ya dace da wanda yake so ya leƙa ya gani kafin ya fitar da kuɗi, musamman da yake farashin littafin da aka shigo da shi daga waje yana bin canjin kuɗi.

Wanda ya sayi na Penguin, shawarata ita ce ya fara da gajeren rubutun ya karance shi a zama ɗaya ko biyu, domin a nan ne zai san matar da abin da ya same ta. Daga nan ya tsallaka kai tsaye zuwa babi na 41, 42 da 43 na dogon, ya karanta su a hankali da alƙalami a hannu, sannan ya koma babi na 1 ya riƙa ɗaukar babi ɗaya a rana, tun da yawancinsu ba su wuce shafi 2 ko 3 ba. Babi na 51 a ware masa mako guda. Ƙungiyar zumuntar mata ko ajin nazari da ke son amfani da shi za su fi cin riba idan mai jagora ya riga ya karanta shi duka, ya kuma tanadi ayoyin da za a ɗora a gefen babin da ke magana a kan uwa da fushi, domin a nan ne tambayoyi za su fi yawa.